Helman da Ba Ya Barin Rami a Tsaye

Ranar da aka kai yayana makwancinsa, ga waɗanda suka zauna a gidan bayan an dawo daga maƙabarta. A cikin gida akwai matarsa, tana ƙuryar ɗaki ta lulluɓe, ta shiga takaba. Da 'ya'yansa mata biyu, mai aure a Moriki da mai aure a Kasuwar Daji. Da matar ɗansa, tana kai da kawo da ruwan sha. Sai ni ƙanwarsa, ciki ɗaya muka fito, mu bakwai, yau saura ni. A zaure akwai ɗansa na fari, da liman, da mai gari, da ardon Fulanin da ke gabas da mu, da tsofaffin leburori uku da suka yi aikin hanya a ƙarƙashinsa, ɗayansu ma jawo shi aka yi da sanda don ya makance. Can bakin ƙofa wajen takalma, direban katafila na kamfanin da ke gyaran hanyarmu ya raɓe da rigarsa mai baƙin mai. Injiniyansu bai zo ba. Na duba. Ni ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, amma ba a shiga gida a fita ban san wanda ya zo da wanda ya ƙi zuwa ba.

'Yarsa ta Moriki tun daga bakin hanya ta ɗora hannu a ka. Na ce mata, "Ke, sauke hannun nan. Ubanki addu'a yaka so, ba kururuwa ba." Ta sauke. Ta Kasuwar Daji kuwa ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida sau uku, alhali babu abin sharewa.

Daga zaure kuwa sai na ji dariya. Na matsa bayan zana in ga wane marar ta ido ne. Ashe makahon lebura ne, yana dariya hawaye na bin gemunsa.

"Wallahi, Malam," yake ce wa liman, "mutumin nan ya zage ni ya hi a ƙirga. Amma ban taɓa kwana da yunwa cikin gungunshi ba. In ya ce maka jaki da sahe, da rana shi ka tura maka kwanon tuwonshi."

"To ka yahe mashi zagin," in ji liman.

"Na yahe. Tuwon ne ban yahe ba, ya tahi ya bar ni."

Har mai gari sai da ya murmusa. Ardo bai yi dariya ba. Sandarsa kwance bisa gwiwa ya ce, "Yau shanu sun yi maraici."

Ni kuwa a ranar abin da ya tsaya mini a wuya rami ne.

Da rani kamfani ya zo gyaran hanyar da ta tashi daga Ƙaura ta nufi Shinkafi, wadda ta ratsa ta gaban ƙauyenmu. Burjin, wato jar ƙasar da suke zuba wa hanya, a bayan gari suka haƙo shi, daidai inda turbar rijiya ta haɗu da burtalin shanu. Zurfin ramin, ka ɗora mutum bisa kafaɗar mutum, na sama ba zai leƙo ba. Ko gangaren da tifa ke bi ta shiga, da suka zo fita sun cinye shi, wai nan burjin ya fi kyau. Suka bar bango huɗu a tsaye, 'yan mata na wucewa ta gefensa da tulu safe da yamma. Ga hadari ya fara haɗowa a gabas. Sau huɗu yayana ya dogara sanda ya je wurin injiniya, sau huɗu ana ce masa, "Baba, in an gama za a gyara." Bai ga an gama ba.

Kowa Helma yake ce masa, wato shugaban leburorin hanya, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Abin da ya sa rami ya zama ciwonsa, ni na sani, don ina nan.

Yana saurayi, zamanin En'e, lebura ne a gungun da ke zuba burji wajen Jangeru, da diga da shebur da kwanon sarki. Suka haƙa rami suka yi gaba, damina ta cika shi. Da suka dawo toshe zaizaya, suka tarar da mutane tsaye a bakinsa. Wata 'yar Fulani ta sunkuya ɗibar ruwa da ƙwarya, gefen ya zabtare da ita. Shi aka ɗaura wa igiya a ƙugu, don ya iya ruwa, ya sauka ya ɗauko gawarta. Ya dawo gida ya kwana uku bai ci abin kirki ba. Innarmu ta ce, "Kai ka tura ta? Kwananta ne ya ƙare." Ya ce, "Inna, na san wurin da ta zame. Digata ta sare shi." Bai sake tayar da maganar ba, amma tun da aka ba shi helma, ba a taɓa tashi daga wuri an bar rami a tsaye ba.

"Rami kwantar da shi aka yi," haka yake cewa. Kafin a taɓa burji, sai an kwashe baƙar ƙasar sama an tara gefe. In an gama ɗiba, a karya bakin ramin ya kwanta, yadda saniya mai ciki za ta sauka ta sha ta fito da ƙafarta. Sannan a mayar da baƙar ƙasa ciyawa ta kama. Kuma ba ya yarda da ido. Sai ya cika kwanon sarki da ƙasa ya ɗora wa wanda ya fi kowa rauni a gungun, ya ce ya sauka ya hau. In ya dafa ƙasa da hannu ko sau ɗaya, aiki bai yi ba, a koma. Makahon nan da ke dariya a zaure, shi ne mai ɗaukar kwanon shekara da shekaru. "Ni ne jakin gwaji," in ji shi, kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Leburori na ƙorafi, don gungun wasu sun tashi sun bar su suna kwantar da rami. Sai ya ce, "Ku kun zo ku wuce. Masu garin nan za su tsuhwa da abin da kunka bari."

Ga abin da ya haɗa shi da Fulani. Akwai shekarar da aka ɗaga hanya wajen Moriki saboda ruwa, ta yi tudu, ta yanke burtali biyu. Shanu suka kasa hawa, suka riƙa zagayawa ta gonakin mutane, gero ya fara kai gwiwa. Manoma suka fito da sanduna, makiyaya suka fito da nasu. Yayana bai je sulhu ba, ba aikinsa ba ne. Ya kwashi leburorinsa suka zuba gangare ta kowane gefe, suka jera dutse don kada kofato ya fasa bakin hanya. Obasiya, wanda ke sama da shi, ya iso a babur yana faɗa, wai wannan ba ya cikin takarda.

Yayana ya ce, "Ranka shi daɗe, burtalin ga ya girmi takarda. Ya girme ka, ya girme ni."

"In aka tambaye ni wa ya ba da izini fa?"

"Ka ce shanu."

Aka yi masa kashedi a ofis. Har yau ta nan shanu ke haurawa. Uban ardon nan shi ya kawo masa ƙwaryar man shanu, ya ƙi karɓa, sai da aka zagaya aka kai wa matarsa.

Bai iya wuce kwalbati bai leƙa ba. Ranar ɗaurin auren 'yarsa ta fari, liman da dangin ango suna zaune, goro a gaba, babu uban amarya. Aka aika nema. Aka same shi a ƙofar gari ya naɗe babbar riga a wuya, rabinsa cikin kwalbati, yana jawo kara da tsumma. Ya iso da taɓo har gwiwa. Na ce, "Yaya, ka ba mu kunya gaban baƙi." Ya ce, "Aure na jira. Ruwa ba shi jira." Daren ranar aka kwana ana ruwa, ba gidan da ruwa ya shiga. Ban yaba masa ba, don kada kansa ya kumbura.

Ba zan ce waliyyi ne ba. Mun yi faɗa ni da shi, damina biyu ba mu gaisa ba, kuma har yau ban ce ni ce da laifi ba.

An sa sabon kwalbati kudu da gari, ruwan da ya fito dole ya bi ɗayan biyu: ko ya yi yamma ya ci maƙabarta, ko ya yi ta gefen gonar gyaɗata, gadon ubanmu. Na wayi gari na tarar an yanka lambatu ta gonata. Ruwan farko ya tafi da kunya biyar. Na tafi ƙofar gidansa na tsaya, ban ko yi sallama ba.

"Helma! Duk gonakin garin ga ba ka ga ta ci ba sai ta ƙanwarka?"

Ya fito yana ɗaura zariya. "Ke mai bakin nan, ruwa ba shi san ƙanwar helma ba. Hanyarshi ce ta da, kakanmu ya tare ta ya yi gona."

"To kai da ruwan wa adda baki? Shi bai iya sallama ba, kai ma ba ka iya ba?"

Na juya na tafi.

Da rani ina zuwa gona sai in tarar an jera duwatsu a bakin lambatun. Wata rana in tarar an dasa jema da gamba don su riƙe ƙasa. Ban taɓa kama shi yana yi ba, amma na san sawunsa, ƙafar hagu yake ja. Damina ta uku ƙasa ta zauna, gindin gonar ya riƙe laima har na sa dankali. Ranar Sallah ya shigo gidana ya zauna bisa turmi, babu wanda ya kira shi.

Ya ce, "Ruwan, ko yau nan zan bi da shi."

Na ce, "To mi ya kawo ka?"

"Rashin zuwa in zauna da ke tukuna. Nan na yi kuskure."

Na miƙa masa fura. Daga wannan shekara ba ya sa diga a gefen gonar kowa, ko ta bazawara ce, ko ta baƙo, sai ya je ya zauna da mai ita, sun taka wurin tare. Leburori suna ce masa ya cika zance. Ba su san a gonata ya koyi wannan ba.

Ya bar aiki kafin a yanke mana jihar Zamfara. Ranar da aka yi ta murna ana harba bindigar gargajiya, shi cewa ya yi, "Jiha sabuwa, ruwa tsoho." Da aka kawo Shari'a kuwa ya yi farin ciki ƙwarai, har Gusau ya je a bayan babbar mota da tsufansa. Da ya dawo ya tare liman bayan Juma'a. "Malam, kullum kuna hwaɗa muna kau da abin cutarwa daga hanya ibada ne. To wanda ya gina abin cutarwa ya tahi hwa? A sa shi cikin huɗuba." Liman ya sa, sau ɗaya. Masu kwangila ba a masallacinmu suke salla ba.

Sai ga kamfanin bana da manyan injuna. Bai ƙi su ba, yana ma zama a inuwa yana kallon katafila kamar mai kallon dambe. Shi ya matsa musu suka riƙa yayyafa ruwa a gaban gari don ƙurar tifa ta hana mata shanya. Shi ya tsaya gaban tsamiyar kasuwa har aka karkata lambatu aka bar ta. Ramin ne kawai ya gagare shi, ciwo ya kwantar da shi kafin ya yi zuwa na biyar.

Kwana tara yana kwance. Kullum na shiga gaishe shi, kafin in zauna zai ce, "An kwantar da shi?" In ce ba a yi ba. Ban taɓa yi masa ƙarya ba, ban ga dalilin farawa a bakin kabari ba. Ranar ƙarshe da hantsi ya sa ɗansa ya fita, ya kama bakin zanena.

"Ke na bar ma ramin ga. Ɗan nan na da kunya. Ke kau Allah bai ba ki ba."

Kafin azahar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya haskaka kabarinsa.

To, da la'asar ɗin ranar na fito bakin zaure in karɓi gaisuwar maza, don tsufana ya kai. Da aka ragu, direban katafila ya matso ya durƙusa.

"Inna, ya haƙuri?"

"Da godiya."

Ya waiga, ya rage murya. "Inna, kada a ce ni na hwaɗi. Gobe da hantsi tirela za ta zo ta ɗauki katafila, an kira mu wajen Zurmi. In ta tahi, ba ta dawowa bana."

Na kira ɗan yayana gefe na gaya masa. Mutumin kirki ne, malamin makaranta, amma ubansa ya san shi.

Ya ce, "Gwaggo, Allah shi ba ki haƙuri, yau munka rufe shi. A bari a yi uku, in rubuta takarda zuwa Gusau."

Na ce, "Takardarka za ta riga hadarin can isowa?"

"To mi za mu yi? Mu tare hanya a ce mun tada hitina?"

"Ba wanda ya ce ka tare komi. Je ka ji da baƙi."

Washegari, da na idar da asuba gari ya yi haske, na naɗe tabarmata, na ɗauki buta da carbi. Na ce wa matar ɗansa, "Duk wanda ya zo yi wa ƙanwar mamaci ta'aziyya, ki ce ina bakin ramin burji." Ta buɗe baki, na dube ta, ta rufe.

Katafila na nan tsaye gefen ramin. Na shimfiɗa tabarma daidai gaban bakinta, na zauna na fuskanci gabas.

Ta'aziyya ba a aika ta, zuwa ake. Kuma wanda ya gaida ɗa bai gaida ƙanwa ba, bai gama ba. Matan unguwa ne suka fara isowa, suna zare ido, suka zauna bayana. Sai dangin mijin ta Moriki, sai na Kasuwar Daji da suka kwana a hanya. Kowa ya zo da tabarmarsa ko buzunsa. Ɗan yayana ya iso da sauri har takalmi na fita.

"Gwaggo! Mace a waje da zaman makoki, zamanin Shari'a? Mi mutane za su ce?"

"Na wuce shekarun da aka cewa. Ga liman nan tahe, tambaye shi."

Liman ya dubi ramin, ya dube ni, ya shafa gemu. Ya ce, "Ni dai ban san inda anka hana yi ma mamaci addu'a ba. Maza ku koma wancan gehe." Ya cire takalmi ya zauna a bayan katafila, maza suka zauna tare da shi. Aka jawo makaho aka zaunar. Ardo kuwa, sai na ga shanunsa sun gangaro burtali sun kwanta a kan turbar da mota ke shigowa.

Da hantsi tirela ta iso, injiniya na gaba a ƙaramar mota. Ya fito da zafinsa, ya yi taku uku, ya ga liman ya ɗaga hannu ana fatiha. Ɗan Musulmi ne, an yi masa tarbiyya, wannan ba zan hana shi ba. Ya cire takalmi, ya shafa tare da mutane, ya zo gabana ya durƙusa.

"Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba."

"Amin, ɗana. Sau huɗu ya taka zuwa wurinka. Ka ga yau kai ka tako."

Ya sunkuyar da kai. "Inna, wallahi ba ƙi na yi ba. Ana jiran injin nan a Zurmi kafin azahar."

"Ba mu riƙe ta ba, ga ta nan. Mu zaman makoki muka yi. Kwana ukku ne. In baƙi sun yi yawa mu kai bakwai."

Makaho ya ce daga can, "Ni ma ban da wurin zuwa har arba'in."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Injiniya ya tashi ya taka zuwa bakin ramin. Daidai lokacin 'yan mata huɗu suka biyo turbar rijiya da tuluna a ka, suka raɓa ta gefen bangon ɗaya bayan ɗaya, ƙasa na zubowa ƙarƙashin ƙafarsu. Ya bi su da kallo har suka wuce. Ya ɗaga kai ya dubi gabas.

Ya ce wa direban katafila, "Gyaran ramin nan zai kai ka wane lokaci?"

"Kahin la'asar, oga."

"Tayar da ita."

Maza suka naɗe tabarmi. Ni na ja tawa taku goma, ban ƙara ba. Na kira direban na ce ta gefen turbar rijiya zai fara, kuma tulin baƙar ƙasar can kada ya tura shi ciki, sai a ƙarshe ya baza a sama.

Masu gaisuwa suka ci gaba da zuwa, sai sun ɗaga murya saboda ƙarar inji. Ina amsa amin da baki, idona na kan bakin katafila. Sau biyu direban ya ce gefen rijiya ya kwanta. Sau biyu na mai da shi.